Kofin Baba Mai Katafila

Mai ɗinki ta ɗaga kofin gilashin ta kalle shi ta hasken rana. Ruwan ya yi kalar shayi da madara. Ta zubar, ta sake tsugunnawa a gindin dam ɗin inda ruwa ke tsattsafowa ta cikin ciyawa, ta tara wani a hankali. Duk kanwar ja ce, har da 'yan ƙwayoyin yashi suna juyi a ciki.

"Na shiga uku," ta faɗa, ba tare da akwai mai jin ta ba.

Dam ɗin na ƙasa ne, dogon tudu da aka tara aka daddanne, ruwa na kwance a bayansa, layinsu kuma na kwance a gabansa. Gidanta da na Baba Mai Katafila su ne na farko, katanga ce kawai ta raba su. Da rani injiniya ya zo ya cire tsohon allon da ke bakin tudun ya kafa ja. Ya tara mutane ya yi musu bayani dalla-dalla: jan allo na nufin in dam ya fashe rayuka za su salwanta, tunda yanzu gidaje sun cika gindinsa. Kafin a zo gyara, su riƙa duba ruwan da ke tsattsafowa. In garau ne, da sauƙi. In ya gurɓace, to ruwa ne ke cin tudun ta ciki, a tashi a kira lambar da ke jikin allon.

Wannan jan allo ya ci wa Baba rai ba kaɗan ba. Shi ya tuƙa katafilar da ta tara ƙasar nan tun yana saurayi, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarin, ko ya so ko bai so ba. Shi ya ɗauki aikin duba ruwan, kullum da safe da kofinsa. Da ɓarin jikinsa ya shanye sai mai ɗinki ta karɓa, tana ɗebowa tana kai masa har gado. Mutanen layi kuwa ba ruwansu da allo, ba ruwansu da injiniya. Abin da Baba ya faɗa ta taga, shi ke nan.

Ga kuma 'yarsa da ke aiki a nesa, kullum tana kiran mai ɗinki a waya: "Don Allah, Yaya, kada a kai masa abin tashin hankali. Likita ya ce in jininsa ya sake hawa, sai dai wani ba shi ba."

Shi ya sa, da ruwan ya fara dishi-dishi a kwanakin nan, ta riƙa zubar da shi a hanya tana cika kofin a famfon gidanta. Yau ma haka ta yi.

Ɗakin Baba na warin man zafi. Yana jingine da matasai, rediyonsa a gefe, hoton katafila a bango duk ya koɗe. Ya karɓi kofin da hannunsa mai lafiya, ya kai shi dab da ido, ya daɗe yana kallo.

"Garau," ya ce da karkataccen bakinsa. "Buɗe min tagar nan, 'yar nan."

A waje mai shago na ɗaure katan-katan a kan kura, don tun asuba ya ga hadari na haɗuwa. Baba ya ɗaga murya.

"Kai mai shago, sarkin matsorata! Sauke kayanka. Garau yake, kamar hawayen jariri."

"To, Baba, tunda ka faɗa." Ya fara kwance igiya yana dariya.

Mai ɗinki ta koma gida ta zauna a kan keke, ta kasa ko zira zare a allura. Ta ƙofa tana hango yaran layi suna wasa a kwalbati, nata biyu na ciki. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Da maigidanta, makaniken babura, ya shigo neman sifana, sai ta riƙe masa riga ta faɗa masa komai.

"Ke! Ruwan famfo?" Ya dafe kai. "Kina da hankali kuwa?"

"Cewa aka yi zai mutu in ya ji."

"Mu kuma fa? Duwatsu ne?"

Ya fita da gudu ya kira lambar, aka ce ana tafe da injinan zuƙar ruwa, amma kowa ya hau tudun makaranta yanzu-yanzu. Ya bi gida-gida, ita ma ta bi. Haba, wa zai saurare su? Wata mai wanki ko ɗagowa ba ta yi daga kan bahonta ba. Mai shago kuwa har da tafa hannu.

"Maman yara, ɗinki daban, dam daban. Mutumin da ya gina abu da hannunsa ya ce garau, ke kuma ki ce me?"

"Wallahi ni na canza ruwan!"

"To je ki sa shi ya faɗa da bakinsa."

Ta tsaya a tsakiyar layi, iska na kaɗa mata mayafi. Tsoro biyu ne suka haɗe mata, kowanne na ja. Sai ta shiga ta ɗauki kofin a gefen gadon Baba, ta nufi gindin dam. Wurin da take tara ruwa ya buɗe ya kai faɗin tafin hannu, ƙasar gefensa na zabgewa.

Da ta dawo, ta durƙusa gaban gadon ta miƙa masa da hannu biyu.

Baba bai kai shi ido ba ma. Ya ajiye kofin a cinya, ya tsoma yatsa, ya murza. Ya kai yatsan bakinsa, ta ji yashi na ƙas-ƙas a haƙoransa. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu, Baba. Ka yafe ni." Hawaye suka zubo mata.

"Daina kuka." Yana haki. "Ruwan dam bai taɓa warin maganin famfo ba, 'yar nan. Na ji warin. Cewa na yi hancina ne ya tsufa."

Ya kalli hoton bango, sannan ya ce a ɗaga shi zuwa taga. Makanike ya tallafe shi ta baya. Tsohon ya cika ƙirji da iska, ya yi wata irin tsawa da ba a taɓa jin ta daga bakinsa ba tun da ya kwanta.

"A tashi! Ya gurɓace! Ni na ce a tashi!"

Kafin ka ce me, layi ya hargitse. Mai wanki ta bar baho da kumfa, aka saɓa yara a kafaɗa, awaki na kuka, wani na ta neman takalminsa ƙafa ɗaya. Mai shago ya watsar da katan-katan ɗinsa a ƙasa, ya turo kurar har ƙofar ɗaki, suka shimfiɗa katifa suka ɗora Baba. Kofin na hannunsa, ya ƙi saki.

Hanyar makarantar da ke kan tudu duk gargada ce. Mai ɗinki na gefen kura tana tare masa yayyafi da mayafinta, tana kiran sunayen yaranta tana waiwaye. Fuskar Baba ta yi ja, numfashinsa na fita da ƙara.

"Sannu, Baba. Mun kusa."

"An ƙirga yara?"

"Duk suna nan."

"Juya ni in gan shi."

A barandar makaranta suka juya kurar. Daga nan ana hango komai: tudun dam, ruwan da ya cika taf, jan allon, da rufin gidajensu a jere a ƙasa. Motoci biyu sun iso, mutane na jan manyan bututai suna hayewa da su. Ruwan sama ya sauko da ƙarfi har dam ɗin ya fara ɓacewa a ido. Baba ya motsa baki, ta sunkuya, amma ba ta ji abin da ya ce ba. Mai shago ne ya fara lura. Ya cire hularsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zauna daɓas a kan siminti. Wayarta na ta ruri a cikin jaka, ta san 'yarsa ce, kuma ba ta san da wane baki za ta fara ba. Makanike ya rufe masa ido, ya buɗe masa yatsu a hankali ya zare kofin, ya ajiye a bakin tagar aji.

Har la'asar ta yi sanyi injina na ta gurnani a ƙasa, ba wanda ya san ko dam ɗin zai kai gobe. Yara sun yi lamo a ƙarƙashin tebura. Da ta tashi rufe tagar saboda feshin ruwa, sai idonta ya sauka kan kofin. Lakar ta kwanta a gindi, kaurin yatsa guda, ruwan da ke samanta ya yi garau.