Awa Guda a Gaban Bagadi

Ƙarfe uku daidai Juliana ta durƙusa a gaban bagadi, ta karɓi kyandir daga hannun matar da ta gama tata awar. Tun da amai da gudawa ya shigo unguwar Television a daminar da soja suka miƙa mulki, Fada ya raba wa matan ƙungiyar addu'ar shiru sa'o'in yini, kowace da awa guda, don kada addu'a ta yanke a cocin har Allah ya ɗauke annobar. Dokar ba ta da wuya. Ba magana, ba waiwaye. In kuma wata larura ta taso, sai mai addu'a ta ɗaga hannu, Larai mai tsaron ƙofa ta zo ta karɓe ta.

Mata suna yabon Juliana, wai in ta durƙusa ko sauro ba ta kora. Da sun san abin da take faɗa wa Ubangiji a cikin shirun nan, da yabon ya maƙale musu a wuya.

Sylvanus take kai ƙara. Maƙwabcinta ne, shi kaɗai ke da mota a layinsu, wata a-kori-kura da yake wankewa safe da yamma kamar jaririya. Sati uku da suka wuce cutar ta kama mijinta Tony. Juliana ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha biyu tana sa wa mutane ƙarin ruwa, amma ran nan ko leda ɗaya babu a gidan, sai asibiti. Ta je ta durƙusa wa Sylvanus. Ya tsaya daga bayan ƙyaure, ya toshe hanci da hankici, ya ce ta yi haƙuri, da motar yake ɗaukar kayan abinci zuwa Barnawa, in aka ji ya ɗauki mai kwalara kasuwarsa ta mutu. A baro aka tura Tony, bai kai bakin titi ba rai ya yi halinsa.

Yau kwana na tara ke nan tana roƙo ɗaya: Ya Ubangiji, ka auna masa da mudun da ya auna mini. Ta sha jin huɗuba a kan gafara, ita ma ta sha koya wa wasu. Amma tun ranar baron nan ta koma ga maganar kakarta, cewa rama cuta ga macuci ibada ce.

Ba a yi minti goma ba ta ji gudun silifas, sannan muryar Irene, matar Sylvanus, daga bakin ƙofa.

"Sista Juliana! Please, cutar ta shiga gidanmu! Mun je asibiti ba gado, sun ba mu ruwa sun ce mu nemi mai sawa..."

"Shhh! Gaban Sakramenti ne nan," in ji Larai, ta ja ta waje.

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Juliana. Daɗi ta ji, ba ta kuma yi wa kanta ƙarya ba, daɗi ne zalla. Ashe ana ji a sama! Ta hango Sylvanus kwance a bayan motarsa mai tsabta, idanu sun faɗa, ana yawo da shi daga ƙofa zuwa ƙofa.

Larai ta lallaɓo ta sunkuya kusa da kunnenta.

"In karɓe ki? Ki je ki dawo."

Juliana ba ta buɗe ido ba. Ta girgiza kai sau ɗaya. Larai ta ɗan tsaya, sannan ta koma da sanɗa. Juliana ta ji ta a waje tana cewa, "Ku yi haƙuri, kun san ta, in ta yi nisa ba ta jin kira. Ku gwada wani wuri kafin ta tashi."

Su gwada. Ta san unguwar kamar tafin hannunta. Mai kemis ya tafi ƙauye, ɗayar nas ɗin tana aiki a Rido, sai magariba take dawowa. Ta kuma san abin da awa guda ke yi wa jikin da ruwa ke fita ta sama da ƙasa: jijiya ta ɓuya, fata ta saki, harshe ya bushe. Ba ta ce ba za ta je ba. Za ta je, ita ba Sylvanus ba ce. Amma awar nan ta Ubangiji ce, sai ta cika ta cif.

Ta ja carbinta a hankali, kowace ƙwaya ta ba ta haƙƙinta. Gwiwoyinta suka yi tsami, kakin kyandir ya ɗiga mata a yatsa, ba ta motsa ba. Tunda take, ba ta taɓa yin addu'a da natsuwa irin ta yau ba.

Agogon bango ya buga huɗu. Grace mai awa ta gaba ta zo ta karɓi kyandir. Juliana ta yi alamar gicciye, ta kakkaɓe zani, ta fito tana shirya fuskar da za ta nuna wa Irene.

A ƙarƙashin dalbejiyar harabar ta ga Sylvanus tsaye da ƙafafunsa, hula a hannu, lafiyarsa ƙalau in ban da idanu da suka yi ja. A-kori-kurar tana gefe. A bayanta Irene ce zaune, ta rungume wani abu cikin zani, ledojin ruwa biyu a kusa da ita.

Juliana ta matsa. Christy ce, 'yarsu mai shekara bakwai, wadda ita Juliana ta riƙe ranar baftisma, ita kuma ta ɗinka mata farar rigar. Yarinyar ta ƙanƙance, leɓɓanta sun tsage, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa.

"Tun yaushe take nan?" in ji Juliana.

"Tun uku da 'yan mintoci," in ji Sylvanus. "Mun zaga ba mu samu kowa ba, muka dawo. Irene ta so ta sake shiga, ni na hana ta." Ya murɗa hular a hannunsa, ya kasa haɗa ido da ita. "Sista, na san abin da na yi miki. Ba ni da bakin da zan tashe ki daga gaban Ubangiji. Na ce mata mu jira, ai mu ma muna cikin waɗanda kike roƙa wa."

Juliana ta haye motar, ta ɗaure damtsen yarinyar da gefen ɗankwalinta, ta shiga lalube da yatsa biyu. Ta duba nan, ta duba can, ta koma ɗaya hannun.

"Sista, kin samu?" in ji Irene.

Juliana ta ci gaba da neman jijiyar.