Baffa Ya Ƙara Tsawo

A Korgom babu tele, wato talabijin, da ke tara jama'a kamar na shagon Ɗayyabu tela. Duk Asabar bayan la'asar sai ya lulluɓe keken ɗinki, ya jona batir, mutane su cika rumfa suna kallon wasan barkwancin nan mai suna Bakin Famfo. Shekara huɗu ana dariyar Baffa, wani gajere mai tumbi da ke gadin famfon unguwa, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ya ba shi labarin gidansa.

Da aka shiga zango na biyar, sai ga Baffa ya fito dogo, siriri, har da wushirya. Hular nan ce, sandar nan ce. Matarsa ta cikin wasan ta miƙa masa fura kamar jiya suka rabu. Babu wanda ya yi bayani.

Ɗayyabu ya yi kwana biyu yana nazari, sannan ya sanar cewa Baffa na ainihi ya faɗa rijiya. Wannan dogon ƙanensa ne da ya zo ya gaje famfo, matar kuma ta sani, lokaci take jira. Hujjarsa ita ce dogon da hagu yake riƙe sanda.

Sidi, mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalba a gefen shagon, bai yarda ba. Shi a wurinsa Baffa ɗaya ne, jinya ya sha.

"Ba ka ga raƙumin kawuna bayan rani ba? Da ya rame, sai ka ce tsawo ya ƙara."

"Wushiryar fa?" in ji Ɗayyabu.

"Haƙora ma suna ramewa."

Damina biyu ana wannan gardama. Mushe Aliyu, malamin lakwal, makarantar boko, ya taɓa cewa ɗan wasa aka canza, c'est tout, shi ke nan, aka tausaya masa aka ci gaba.

Bayan girbi wani kamiyo, babbar motar kaya, ya zo sayen wake. Mai waken, gajere mai tumbi, ya yage wando wajen saukowa, aka nuna masa shagon tela. Ɗayyabu ya ɗaga kai, allura ta faɗi daga bakinsa.

"Baffa."

"Dikko sunana," mutumin ya ce. "Amma e, ni ne. Za ka iya ɗinke shi yanzu?"

Aka ba shi zane ya ɗaura. Kafin a zura zare, rumfa ta cika. Sidi ya tambaye shi mi ya sa ya bar wasan.

"Rana. A tsayar da kai bakin famfo tun hantsi har azahar, a ce maimaita. Likita ya ce jinina ya hau, na koma wake."

"To shi dogon nan, mi yake a gare ka?"

"Wane dogo?"

Ashe tun da ya bari bai kalli ko kashi ɗaya ba. Sidi ya buɗe masa ɗaya a waya. Dikko ya kalla har ƙarshe, ya yi dariya sau ɗaya. Kowanne ɓangare ya shimfiɗa masa hujjojinsa, ya saurara da ladabi.

"Ni ina ga mafarki Baffa yake yi," ya ce. "Duk gajere ya taɓa mafarkin tsawo."

Ɗayyabu ya tsinke zare da haƙori. "Malam Dikko, kashi nawa ka gani?"

"Wanga ɗaya."

"Mu hamsin da biyu."

Sidi ya gyaɗa kai. Rabon da su yarda da juna a kan wani abu tun zango na huɗu.

Dikko ya sa wandonsa, ya roƙi Sidi ya tura masa sauran a waya, ya tafi lodin wakensa.

Bayan mako uku ya kira Sidi daga Tasawa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce ya kalle su duka. A kashi na sha tara matar ta wuce rijiya ta kau da kai, kuma shi ya san matar nan, shekara huɗu suka yi tare, ba ta kau da kai a banza. Tela ne ke da gaskiya.

Sidi ya kashe waya. Ɗayyabu ya leƙo ya tambaye shi wa ya kira.

"Wani mai wake ne," in ji Sidi, ya ci gaba da ɗura kwalabe.