Rabon Takardar Misi Kinloch

A watan Maris na shekarar 1907, jirgin da ke mayar da ma'aikatan gonakin rake daga Queensland ya tsaya a gaɓar Lomanu, ɗauke da wani mutum da turawa ke kira Jimmy. Shi kuwa ya dage cewa sunansa Manuake, kuma daga wannan gaɓar aka sace shi yana ɗan shekara goma sha biyu. Jami'in gwamnati da ke cikin jirgin ya ce ba zai sauke kowa ba sai da shaida a rubuce, domin an sha sauke mutane a garin abokan gaba, a kashe su. In la'asar ta yi babu shaida, jirgi zai wuce da shi.

Da labari ya iske Toara, dattijon coci kuma wan Manuake, sai ya tuna da takardar Misi Kinloch. Shaidar tana nan. Misi Kinloch, mai wa'azin da ya yi shekara talatin yana rubuta wa London ƙarar masu satar mutane, ya tara sunayen duk waɗanda aka kwashe a doguwar takarda guda, da ranar, da tabon jikin kowa. Sai dai Misi ya rasu bara, aka yi masa jana'izar manya, aka raba kayansa tare da naman alade kamar yadda al'ada ta tanada. Gidaje bakwai suka nace a kan takardar nan, don sun sha ganinsa yana kuka a kanta. Toara da kansa ya sa aska ya tsaga ta gida bakwai daga sama zuwa ƙasa, har aka yaba masa adalci.

Rabon mamaci kuwa ba a neman a mayar da shi, ba a kuma barin wani ya taɓa. Toara ya bi gida gida yana lallashi, kowa ya ɗauko nasa ya riƙe da hannunsa. Tsohuwa Leisande ta zaro nata daga cikin gorar bambu tana masifa.

"Kai ɗan ƙanwata, da kana rabo ka ba ni wutsiyar alade da gefen takarda. Yau gefen ya yi daraja ke nan?"

"Inna, ki zage ni a cikin kwale-kwale, rana tana tafiya."

A kan jirgi Toara ya jera su kafaɗa da kafaɗa, yana matsar da wannan, yana ɗaga gwiwar hannun wancan, har layuka suka haɗu. Jami'in ya gyara tabarau, ya dubi na Tarilongi, babban mutumin garin, ya ce wannan ba a bukatarsa, ya koma gefe. Ashe ranar rabo Tarilongi ne ya fara zaɓe, ya ɗauki ɓangaren da ya fi fari, wanda tawada ba ta ɓata ba.

Tarilongi ya naɗe rabonsa a natse, ya ce tunda nasa ba a bukata, na ƙasa da shi ma ba a bukata. Mutum uku suka fara sauke hannu.

Toara ya matso kusa da jami'in, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, ka fara karanta nasa."

"Babu komai a ciki."

"Na sani, ni na yanka. Ka karanta a hankali, ka ɗan jima."

Jami'in ya dubi rana, ya dubi mutumin da ke tsaye bakin matakala rungume da akwatinsa. Ya sunkuya a kan farar takardar, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai sau biyu, ya ce lallai wannan ya warware abubuwa da yawa. Tarilongi ya ba sauran umarni su ɗaga nasu.

A layi na goma sha tara aka samu: Manuake, Yuli 1884, tsagaggen kunnen hagu. Jami'in ya sa mutumin ya juyo da kunnensa, ya sa hannu a takardar sallama.

Toara ya karɓi akwatin ƙanensa, wanda rabonsa da shi shekara ashirin da uku ke nan. Manuake ya daɗe yana kallonsa.

"Yaya, ka yi furfura."

"Sauka a hankali," in ji Toara, "matakalar tana da santsi."