Nasara ta Goma ta Lonnie Tackett

Shekara biyar ina durƙushe a bayan masu bugu da gora ina cafe ƙwallon da Lonnie Tackett ke jefowa, kuma har yau ban ga baƙon da ya yi mana biyayya irin tasa ba. Ba'amurke ne, dogo, da tabon tiyata a gwiwar hannun dama. Can ƙasarsu an gama yayinsa, sai ƙungiyarmu ta besbol ta ɗauko shi zuwa Japan. Sauran baƙi ba su da aiki sai ƙorafin atisaye da abinci. Shi kuwa in an ce ya yi gudu sai ya yi, in an ce ya rusuna wa fili kafin ya taka shi sai ya rusuna. Har waken natto mai yauƙi yake ci da safe, yana yamutsa fuska yana cewa da daɗi.

A shekararsa ta biyar, takardar aikinsa ta ce in ya ci wasa goma dole ƙungiya ta ƙara masa shekara. Yana da shekara talatin da huɗu a duniya, ba wanda zai sake ɗaukarsa in muka sake shi. 'Yarsa Joanie kuma a nan ta yi wayo, yarenmu ya fi Turanci zama a bakinta. Aka zo wasan ƙarshe na kakar wasanni Lonnie ya ci tara.

Wasan ba shi da wani amfani ga kowa, don mu da abokan karawar duk a gindin tebur muke. Abin da ya cika filinsu maƙil da yammacin nan shi ne ban-kwanan Minegishi Iwao, wanda ya yi musu shekara ashirin da biyu yana riƙe gora. Kowa ya san yadda ake yi wa mai ban-kwana. Zai fito sau ɗaya, a jefo masa ƙwallo miƙaƙƙiya, ba lanƙwasa ba dabara, in ya buga ya buga. Matsalar ita ce tun bayan tiyata miƙaƙƙiyar Lonnie ba ta da wani ƙarfi. Da mai lanƙwasa yake cin abinci.

Kafin a fara, kocinmu Tsurumi ya ja ni gefe.

"Okitsu, in dattijon ya fito, ka san abin yi."

"Na sani, maigida. Amma Lonnie fa ta goma yake nema."

"Bar min wannan, zan yi wa na ofis magana. Wa zai kama mutum da laifin ladabi?"

Na yarda da shi, don ina son in yarda.

Ran nan hannun Lonnie ya yi kyau kamar ba a taɓa yanka shi ba. Muka shiga zagaye na takwas cikin tara muna da maki biyu suna da ɗaya. Mutanensu biyu na tsaye a sansani suna jiran wanda zai buga su ƙarasa gida su ci maki, mu kuma saura mutum ɗaya mu fitar zagayen ya mutu. A daidai nan kocinsu, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ga dama ya turo Minegishi. Fili ya ɗauki sunansa.

Na sauke yatsa ɗaya tsakanin cinyoyina, alamar miƙaƙƙiya. Lonnie ya girgiza kai. Na sake, ya sake. A karo na uku na miƙe na taka zuwa tudun da yake tsaye.

"Oki-san, ba ka ga mutum biyu a bayana ba?" in ji shi, ya rufe baki da safar hannu.

"Na gan su. Miƙaƙƙiya za ka jefa."

"Wannan tsohon ko da ido rufe zai buga miƙaƙƙiyata. Kakata ma za ta buga."

"Haka ake yi, Lonnie."

"Lanƙwasa uku kawai, ɗan'uwa, ya kuskure su a fitar da shi. Ya tafi gida da furanninsa, ni in tafi da aikina. Wa aka cuta?"

"In ka yi haka, gobe ba mai gaishe ka a garin nan. Koci ya ce zai yi magana da ofis."

Ya dube ni. "Kai fa? Kai ka ce?"

"Ni na ce."

Wannan kalmar ce har yanzu take hana ni sakewa. Ba da kocin Lonnie ya yarda ba, da ni ya yarda.

Ta farko Minegishi ya kai mata duka ya kuskure. Ta biyu kuwa tun daga ƙarar gorar na san ta tafi. Ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum uku suka shigo gida, ya zama huɗu da biyu. Dattijon ya zagaya fili yana kuka, da ya ƙaraso ya juya ya rusuna wa Lonnie. Lonnie ya cire hula ya rusuna masa, yadda muka koya masa. A haka aka tashi.

Washegari jaridu suka buga hotonsa da hula a hannu, suka ce ga baƙon da ya fi 'yan gida sanin ya kamata. Bayan kwana tara ofis ya kira shi aka ce masa tara ba goma ba ce.

Na je na sami koci raina a ɓace.

"Na yi maganar, Okitsu," in ji shi, yana ta juya kofin shayi. "Sun ce hannunsa ya mutu. Wai kowa ya ga yadda ɗan shekara arba'in da ɗaya ya yi watsi da ƙwallonsa."

"Mu muka sa shi ya jefa ta haka."

"To, ai ba a rubuta wannan a ko'ina ba."

Na tarar da Lonnie yana kwashe kayansa a ɗakin sauya tufafi. Ya ninke rigar ƙungiya tsaf ya ajiye a kan benci. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma bai yi ba.

"Joanie ta tambaye ni ko a can jiharmu ta Ohio ma ana cire takalmi a ƙofar aji," in ji shi. Sai ya ɗaga jakarsa. "Oki-san, in tambaye ka mana. Ni yaushe ne nawa wasan ban-kwanan?"

Na sunkuyar da kai. Ni da shi duk mun san amsar.

Bayan shekara uku aka yi min nawa. Furanni, matata a sahun gaba, fili yana kiran sunana. Da na fito riƙe da gora, mai jifan da ke gabana ya taɓa hularsa don girmamawa, ya aiko min miƙaƙƙiya a tsakiya, mai laushi, irin wadda na sa Lonnie ya jefa. Ban ɗaga gora ba. Ya aiko ta biyu, ya aiko ta uku, alƙalin wasa ya fitar da ni ina tsaye. Jaridu suka rubuta cewa hawaye ne suka rufe min ido. Duk ukun na gan su sarai.