Mai Rai a Takardar Mamaci

Tun da aka ɗauke wuta da hantsi hankalin Phoebe ya ƙi kwanciya. Ta san halin kwamfutar shagon nan na Gamboru kamar yunwar cikinta. Akwatunan faifai biyu ne ke jone da ita ta waje, ɗaya na aikin coci, ɗaya na kalandun 'yan kasuwa. Duk wanda ya riga farkawa idan an kunna, shi kwamfutar ke ba harafin E, ɗayan ya ɗauki F. Yau wannan, gobe wancan. Ga mai shagon kuma, Oga Manasse, duk hoton da ya shigar sai ya sa masa suna HOTO1.

Tun farkon 1998 da ta kama aiki take roƙonsa ya bari ta kafe wa kowane akwati harafinsa. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Amsarsa ba ta sauyawa: injiniyan da ya zo daga Kano ya ce kada a taɓa cikinta. "In ta yi gardama, kashe ki kunna. Haka muka saba." Wannan "haka muka saba" ba ƙaramin abu ta kashe a garin nan ba.

Aikin yau kuwa furogiram ne na jana'izar Malam Pindar, wanda ya koya mata riƙe fensir a firamare. Bas ɗin masu rakiya zuwa Biu na tsaye a bakin titi. Ɗan marigayin, Jonathan, sai shiga yake yana fita.

"Sista Phoebe, direba ya ce ba zai yi dare a hanya ba."

"Yanzun nan, Buroda."

Aka ta da janareta. A fuskar kwamfuta ga Malam Pindar da tabaransa. Ta tura shafin firinta. Takarda ta fito da ɗuminta: giciye a sama, MARIGAYI da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma wani mutum da doguwar hula yana murmushi a gaban bijimi.

Shafin ya je neman HOTO1 a E, E kuwa ya koma akwatin 'yan kasuwa.

Ba ta kai ga kife takardar ba mai hoton ya miƙo wuya daga benci. Alhaji Gana ne, dillalin shanu, ya zo karɓar kalandarsa.

"'Yata, mu gani." Ya duba, ya nisanta takardar, ya sake matso da ita. "A'uzubillahi! Manasse, yaushe na mutu ba ka gaya mini ba? Har da shiga coci?"

"Alhaji, ƙaramin kuskure ne."

"Ƙarami? In wannan ta shiga kasuwar shanu, kafin la'asar yarana sun raba garken!"

Jonathan bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli bango.

Phoebe ta yi maza ta nuna wa shafin hanyar F. Ta ɗora yatsa za ta tura, janareta ya yi tari, komai ya mutu. Da ya dawo ta tura, Alhaji Gana ya sake fitowa da bijiminsa. Haruffan sun sake musanya.

"Sau biyu ke nan," in ji Alhaji. "Ko kun ji wani labari ne?"

A waje direba ya danna ham. Wata tsohuwa ta leƙo ta tagar bas tana kiran Jonathan da harshen Bura.

"Kashe ki kunna," in ji Oga Manasse, yana share gumi.

"Har yaushe, Oga? Caca za mu yi da fuskar mamaci?"

"Ki iya bakinki."

"Bari na ba kowanne harafinsa, ko sau nawa wuta ta ɗauke ba zai motsa ba."

"Kika taɓa cikin na'urar nan, ki ɗauki jakarki. Na rantse."

Ta dube shi. Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, don duk abin da ya mallaka yana kan teburin nan, kuma bai san yadda yake aiki ba. Ta kuma san yadda ta sha yawo da takardar diflomarta daga ofis zuwa ofis a GRA kafin ta samu kujerar nan. 

Ham ya sake tashi, wannan karon bai tsaya ba.

Ta jawo linzamin kwamfuta. Ta buɗe wurin da ake tsara na'urori, ta ba akwatin coci M, ta ba na 'yan kasuwa K, ta nuna wa shafin inda hoton yake yanzu. Sannan da hannunta ta kashe komai, ta kunna akwatin 'yan kasuwa da farko da gangan.  M na nan a M.

Firinta ta ja takarda. Tabarau suka fara fitowa, sai furfura.

Jonathan ya karɓa da hannu biyu. "Baba ne," ya ce.

Ta ɗora shafin a injin kwafi. Alhaji Gana ya tattara takardun mutuwarsa biyu ya cusa a aljihu, ya zauna yana taya su ninke na gaskiyar. "Allah ya ba ku haƙuri, ɗana," ya ce wa Jonathan.

Oga Manasse na tsaye a bakin ƙofa. "Na riga na rantse, Phoebe."

"Na ji, Oga." Ta rataya jakarta. "Na coci M, na kasuwa K. Kada ka bari kowa ya mayar."

Ta rungumi ƙunshin furogiram ta fita, ta hau bas ɗin don ta raka malaminta. Tsohuwar nan ta matsa mata wuri kusa da taga, direba ya ja bas tun ƙofa ba ta gama rufuwa ba.