Rijiyar Malam Abatcha

Yaji ɗan Bubayaro ne ya cike rijiyar Malam Abatcha, Basiru mai hoto kuma ya taya shi. Haka Iya Gumsu, matar marigayin, ta faɗa musu su biyun a ƙofar shagon hoto, ko sallama ba ta yi ba.

A shekarar da motoci suka koma hannun dama ne Yaji ya gina Potiskum kakaf da yumɓu a tsakar gidan ubansa, ba yadda take ba, yadda yake so ta zama. Basiru ya kwanta rub da ciki ya ɗauke ta hoto, ta fito kamar birnin gaske. Jama'a suka yi ta tururuwar kallo. Har masu yanka filaye sun karɓi hoto guda sun tafi da shi ofis.

Aikin kam ya yi kyau, ita ma ba ta musa ba. Ta daɗe gaban hoton da hannu a haɓa. Ga kasuwar shanu, kowane sa da ƙahonsa da tozonsa. Ga titin Maiduguri ya miƙe samɓal, motocin gwangwanin madara a jere. Ga benaye da zane irin na bayan ƙwarya. Ta bi lungu da yatsa har unguwar Yerimaram, inda mijinta ya haƙa rijiya sadaka kafin ya rasu. Sai ga bene a kai.

"Iya, ai famfo zai zo kowane gida," in ji Yaji.

"Famfon, ladansa na wa? Duk gugan da aka ja, Malam na samu a kabarinsa. Allah ya yi maka baiwa, ɗan nan. Har tozon sa ka tuna, ka manta da mutum?"

Yaji ya sunkuyar da kai. "Yanzu zan ɗage benen, in danna babban yatsa, rijiya ta dawo."

"Ni kuma in sake ɗauka," in ji Basiru, "har da ke a gefe, in za ki yi murmushi."

"Murmushin gidanku! Wancan na ofis fa? Shi za su duba ran da za su gina garin."

Ta tuɓe takalmi, ta zauna daram a kujerar da ake ɗaukar hoto.

"Ba inda zan je. Cikinku wa zai tafi ya karɓo shi, ya faɗa musu da bakinsa akwai rijiya a wurin nan? Kai mai yumɓu, ko kai mai akwatin hoto? Ku ba ni amsa."