Baba da Harafin F

Surukina malamin Turanci ne. Ya yi ritaya tun kafin a kawo ni gidan, amma Turancin bai yi ritaya ba. Kullum da safe shi yake kai 'ya'yana mata biyu makaranta a tsohuwar motarsa, kuma kafin su bar layinmu ya ba su haruffan ranar. In ya ce "ph", sai su hau rige-rige a kujerar baya: elephant giwa, orphan maraya, trophy kofin gasa. Wadda ta kawo kalma babu ma'ana ba ta ci ba. Na daɗe ina jin daɗin abin, don ya ɗauke mini wahalar safiya, yaran kuma Turancinsu ya fi nawa.

Bana ne na fara tsorata. Baba ya ɗora ruwan shayi ya fita, sai ƙaurin butar ne ya kira ni. Wata rana ya leƙo kicin ya tambaye ni ko Hajiya ta dawo daga unguwa, Hajiya matarsa, marigayiyar da ni na yi mata jinyar ƙarshe. Sai kuma ranar da suka yi lattin dawowa daga makaranta har na fita bakin ƙofa ba mayafi. Da suka iso, babbar ta ce, "Mama, yau Kaka sabon wasa ya kawo. Muka yi ta zagaya shataletale, ya ce sai mun faɗa masa hanyar gida."

Ba wasa ba ne, hanyar ce ta ɓace masa.

To amma wace suruka ce za ta dubi uban mijinta ta ce kawo makulli? Ni da ko sunansa ba na faɗa. Na samu maigidana. Shi kuwa duk abin da ba ya son gani, sunansa tsufa. Na yi magana, na yi fushi, na daina magana, sannan ya karɓi makullin da sunan za a kai motar gareji, ya nemo mana ganin likita.

"Abin da likita ya ce shi ke nan," in ji shi. "In ya ce lafiyarsa lau, kada in ƙara jin zancen nan."

Na yarda, don na tabbata ko makaho ya zauna da Baba zai gane.

Ɗakin likitan ƙarami ne, fanka na ta ƙara a sama, layi kuma ya cika baranda. Likitan matashi ne mai fara'a, irin wanda ke rubutu tun kafin ka gama magana. Ya tambayi Baba yau nawa ga wata. Na ga idon Baba ya haura kan likitan zuwa kalandar da ke bango, ya dawo, ya ba da amsa daidai. Ni kaɗai na gani.

"Yanzu, Baba, zan ba ku harafi ɗaya. Ku kawo mini duk kalmomin da suka fara da shi kafin in ce ya isa. Da Hausa ko da Turanci?"

Baba ya gyara zama, ya ɗora hularsa daidai.

"Da Turanci, ɗana."

"To, F."

"Fabric, yadi. Famine, yunwar da ke cin ƙasa. Feeble, mai rauni. Ferry, jirgin fito. Flint, dutsen ƙyastu. Forge, maƙera."

"Ba sai da ma'ana ba, Baba."

"Kalma ba ma'ana ai ba ta ci ba. Fragile, mai saurin fashewa. Frugal, mai tattali. Furrow, kwarin kunya a gona."

Likita ya ce ya isa, Baba bai tsaya ba. Muryarsa ta koma irin ta aji, har yana ɗaga yatsa. Likita ya ajiye biro yana dariya, ya ce rabin waɗannan shi ma yau ya fara jin su. Maigidana sai washe baki yake yi kamar shi ya ci jarrabawar. Ni kuwa kuka ne ya taso mini. A duk kan Baba, ɗakin nan ɗaya ne ya rage a share, kuma shi aka buɗe aka leƙa.

Na daure na ce, "Likita, akwai maganar hanya. Ran nan da yara..."

Baba ya juyo ya dube ni. Ba faɗa a idonsa, mamaki ne kawai, kuma shi ya fi ciwo.

"Hajiya, kowa yana ɓatan hanya," in ji likita. "Ni ma nan jiya na wuce kwanar gidanmu. A dai kula da hawan jinin, ku dawo bayan wata shida."

Tun a harabar asibitin maigidana ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ko kallona bai yi ba.

Washegari da sassafe maigidana ya yi tafiyar aiki. Ina ɗaura wa ƙaramar igiyar takalmi na ji motar ta tashi a waje. Na yi tunanin in ce ba su da lafiya, amma ga su tsaye da jakunkuna, Kaka na yi musu hon. Na ja mayafi na bi su, na ce ina da saƙo wajen makarantar, na shiga baya tsakaninsu. Na ce a raina ko ba komai ina iya nuna hanya.

Baba ya ja motar lafiya lau. Ya tsaya wa mai keke, ya sa sigina, muka hau babban titi inda manyan motoci ke wucewa da gudu. Har na fara jin kunyar kaina. Na lura dai bai ba yaran harafi ba, su ma sun yi tsit suna jira.

Ya ƙara wuta. Sai ya ɗaga kai ya dube mu ta madubi, ya daɗe yana dubawa, titi na ta shigowa ta gabansa. Ya yi murmushi irin na mutumin kirki da ya rage wa baƙi hanya.

"Baiwar Allah," ya ce, "yaran nan naki ne? Ina za a sauke ku?"